Irin da Bai Tsiro Ba

Irin habbatussaudar da Auta ta ba Mai Lambu soyayye ne, shi ya sa ko tsiro ɗaya bai fito ba.

Ya shigo shagon babanta, laka har gwiwa, ya zube ƙwayoyin da ya tono a kan ma'auni.

"Murza ki gani."

Ta murza. Suka ruguje kamar gawayi.

"Masoyina, wallahi ni..."

"Kar ki ƙara kira na haka. A ina aka taɓa shuka abin da ya sha wuta?"

Babanta kayan ƙamshi yake sayarwa, waɗanda littattafan addini na dā suka ambata: habbatussauda, citta, tafarnuwa, na'a-na'a. Ranar da Mai Lambu ya zo neman aurenta, tsohon ya dubi fason ƙafarsa ya yi dariya.

"Mai noman latas? To, ka noma mini habbatussauda a lambunka, ka zo ka ɗauke ta."

Gatse ya yi. Mai Lambu ya ɗauka da gaske. Ya tuge latas ɗinsa kaf, ya ce Auta ta samo masa iri.

Buhu biyu ne a ɗakin ajiya. 'Yar goggonta, mai taya su awo, wadda ta daɗe tana satar kallon Mai Lambu, ta tsaya a kan Auta.

"Ke da kika tashi a shago? Shinshina mana. Mai ƙamshin shi ne mai kyau."

Haka ake zaɓe a shago, da hanci. Auta ko albasa ba ta taɓa shukawa ba. Ta ɗebi wanda aka soya wa masu burodi.

"Ban sani ba, rabin raina..." ta ce yanzu, hawaye na zuba. "Na zaɓa maka mafi kyau ne."

"'Yar goggonki ta faɗa mini komai. Kin ce ba za ki zauna gidan da ke warin taki ba."

"Ni?"

Ta waiwaya. 'Yar goggon na can tana auna citta, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Baba, ka sa baki..."

"Na ce ya noma," in ji tsohon. "Ya noma?"

Lambun na haya ne. Da shekara ta wuce babu amfani, mai fili ya karɓe abinsa. Mai Lambu ya bi motar kaya ya tafi dako, bai yi wa kowa sallama ba.

'Yar goggon ma ba ta same shi ba, amma ta yi aurenta, har ta fara aurar da 'ya'ya. Auta ce har yau a bayan ma'auni, furfura ta fara leƙowa, tana auna wa amaren wasu kayan ƙamshi.