Gangar Kawu Thaddeus

A shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja, Datti ya shiga shagon Alhaji Manniru a Karu neman bokiti da risho. Ma'aikatarsu ta ƙaura, rabon gidajen Garki bai kai kansa ba, shi ya sa ya kama ɗaki a nan.

"Wannan garin naku daji ne kawai," ya ce yana share gumi. "Ba kowa, ba komai."

Budurwar da ke bayan kanta ta ɗago ido. Ikilima ce, 'yar mai shagon.

"Ba kowa? To mu aljanu ne? Inda ofishinku yake, gonar doyar kakana ce."

Kunya ta sa ya fita ya manta rishon. Washegari ya dawo ɗauka, ya ba ta haƙuri. Bayan nan ya dawo neman lagwani, ya sake dawowa neman ashana. Kafin damina ta sauka, ita tana ce masa Ɗan Ikko, wato ɗan Legas, shi yana ce mata Gimbiya.

Mahaifiyar Ikilima, Kande, 'yar ƙabilar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Ta musulunta ta auri Alhaji, ta rasu Ikilima tana ƙarama. Yayan Kande, Kawu Thaddeus, manomi ne a Kurudu kuma shugaban makaɗan danginsu. Tun Ikilima tana hawa kafaɗarsa yake ce mata shi zai buga ranar aurenta, kamar yadda ya buga wa uwarta.

Da Datti ya nemi auren Ikilima, Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta so ba. Mashkura, 'yar ogansa, ita ta yi masa tanadi. Da ƙyar ta amince, amma ta damƙa shirin biki a hannun yayarsa Bilkisu.

Wata Asabar Bilkisu ta zo gidan Alhaji tare da Datti, da jaka cike da kaset. Ta kunna musu kiɗan wasu mawaƙan Legas masu jita da ƙaho.

"Su ne na ɗauko. A otal za a yi, daraktoci za su zo."

"Kiɗan ya yi daɗi, Yaya," in ji Ikilima. "Amma kawuna ne zai shigo da ni da ganga."

Bilkisu ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Gangar Gwari a gaban manyan mutane? Nan fa babban birni ne yanzu. Ku bar kayan ƙauye a ƙauye."

Kawu Thaddeus yana tsaye a bakin ƙofa da doyar da ya kawo wa surukai. Ya ajiye ta a hankali, ya gaida kowa, ya juya ya tafi.

Ikilima ta kalli Datti. Datti ya kalli ƙasa.

"Gimbiya, ki bari mu yi maganar daga baya," ya ce.

Ta tashi ta shige ɗaki.

Ta daina fitowa shago. Datti ya ba James, direban bas ɗin ma'aikata, 'yar takarda ya kai mata:

"Gimbiyata, abinci ya ƙi shiga. Kiɗa ne fa kawai, na yini ɗaya. Kada ki bari ganga ta raba mu. Naki, Ɗan Ikko."

A bayan takardar ta ba shi amsa:

"Ba maganar Yaya Bilkisu ce ta ƙona ni ba, shirunka ne. An zagi dangin uwata kana zaune. Idan kunyarsu kake ji, rabin jikina nasu ne. Na ji Mashkura tana kai wa Hajiya girki. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ranar Lahadi Datti ya hau mota zuwa Kurudu. Ya tarar da Kawu a gindin mangwaro yana ɗaure fatar ganga. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ita ya aiko ka?" Kawu ya tambaya da irin Hausarsa.

"A'a, Baba. Ni na kawo kaina. Na yi laifi."

Kawu bai ɗago ba.

"An ce ana son gona, mun bayar. An ce mu matsa, mun matsa. Kabarin babana yana ƙarƙashin titi, motoci suna bi ta kansa. Duk ban yi magana ba. Yanzu ganga ma a ce ya matsa? Ina zai je?"



"Ni ba na son otal ɗinku," in ji Kawu. "Waƙa ɗaya ne kawai. Wanda na yi wa Kande ranar da ta bar gida. Ita ba ta nan ta raka 'yarta, shi ne na ce waƙan ya raka ta."

Daga nan Datti bai zarce ko'ina ba sai wajen Hajiya. Bilkisu tana nan.

"Hajiya, ban taɓa musa miki ba. Amma an ci mutuncin dattijo a gabana na yi shiru, kuma ba haka kika tarbiyyantar da ni ba. Na fasa otal. A filin Karu za a yi. Mawaƙan Yaya su buga in sun so, amma Kawu ne zai shigo da amarya."

"Ogan naka fa?" in ji Bilkisu. "Ka ƙi 'yarsa, yanzu kuma ka zaunar da shi a ƙura?"

"In ya zo, ga kujera."

"To ni ba da ni ba," in ji Bilkisu.

Hajiya ta kau da kai gefe.

Da la'asar Datti ya sami Ikilima a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ya faɗa mata inda ya je da abin da ya yanke.

"Sai da na yi kuka kafin ka ga hanyar Kurudu?"

"Sai da kika yi. Ki yafe mini, Gimbiya."

Ta daɗe tana tsintar, sannan ta ture masa kujera da ƙafa.

"Zauna, Ɗan Ikko. Ka rame."

An ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bilkisu ta cika maganarta, ta sallami mawaƙanta ta ƙi zuwa. Ogan ma ya aiko da uzuri. Hajiya ta zo, ta zauna fuska a ɗaure.

Da yamma gangunan suka taso daga bakin kasuwa. 'Yan kasuwa Kanawa da Katsinawa suka rufe shaguna suka biyo. Kawu yana gaba, amarya tana bayansa cikin lulluɓi. Da suka iso tsakiyar fili ya ɗaga hannu, gangunan suka yi ƙasa, ya fara rera waƙar cikin muryarsa ta tsufa. Datti bai ji yaren ba, amma ya ji sunan Kande. Alhaji Manniru ya sunkuyar da kai. Ikilima ta tsaya cak, kuka ya ƙwace mata, kuma babu uwar da za ta riƙe ta.

Sai Hajiya ta miƙe. Ta ratsa filin a hankali, ta rungume amaryar, ta share mata fuska da bakin mayafinta.

"Ya isa, 'yata," ta ce. Ta juya wajen Kawu. "Malam, kada ka tsaya. Ka ƙarasa mata."

Ya ƙarasa. Hajiya ta kama hannun Ikilima ta saka a na Datti.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya jiƙan wadda ta haife ki."

Filin gaba ɗaya ya amsa da amin.