Masu Jin Ɗumi a Gidan Hada

Bayan la'asar Hafizu ya ɗauki matarsa Mubina daga unguwar Shisha ta Makka, suka kama hanyar da ke hawa duwatsun Hada. Gida za su duba. Shi haifaffen Makka ne, mai shagon turare, kuma ya daɗe yana neman inda iyalinsa za su riƙa gudun zafi. Dillalin, Sami, ya ba shi mabuɗi ya ce, "Ku yi gaba, ina bayanku. In ya yi muku, gobe sai sa hannu."

Gidan yana nan shi kaɗai, bayan wata busasshiyar gonar rumman. Gajimare ya sauko har bakin ƙofa. A kowane ɗaki akwai wani ƙarfe mai kama da haƙarƙari manne da bango. Sami ya riga ya yi musu bayani: a ɗakin ƙasa akwai tukunyar ƙarfe mai cin dizal, ita ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu, gida duka ya ɗau ɗumi lokacin sanyi. Tun da mai gidan ya rasu ba a kunna ta ba.

"Abu Nuha, magariba ta kawo jiki," Mubina ta ce wa mijinta. "Yalla, mu tafi."

"Bari in leƙa tankin mai kawai. In ya huje, babban aiki ne."

Ya sauka matakala da fitilar waya. Ɗakin ƙuntatacce ne, babu taga. Warin tsohon mai da tsatsa ya cika masa hanci. Ya ƙwanƙwasa tankin, ya ji ƙarar wofi. Ko ɗigo babu a ciki.

Ƙofa ta rufe a bayansa. A hankali, yadda ake ja wa mai barci ƙofa.

Ya murɗa hannunta, ko motsi. Ya daka, ya ƙwala wa Mubina kira, muryar ta faɗo masa a gaba kamar an lulluɓe ta da bargo. Wayar ta ɗauke.

Sai bututu ya soma ƙara. Ƙas. Ƙas.

Tukunyar ta ja wani dogon numfashi, ta kama. Shuɗiyar wuta ta leƙo ta 'yar tagar gilashi.

A hasken nan ya gan su.

Suna tsugune kewaye da tukunyar, kafaɗa da kafaɗa, sun ba shi baya. Sun miƙa hannuwa ga wutar. Yatsunsu sun cika tsawo.

Bango na gumi don zafi, shi kuwa sanyi ke ratsa ƙashinsa.

Ɗaya daga cikinsu ya matsa gefe, ya bar gurbi daidai mutum guda.

"Sabon mai gida," aka raɗa. "Zauna."

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshe ya yi nauyi.

Ƙafarsa ta matsa gaba. Ba shi ya matsar da ita ba.

A sama, Mubina ta dafa ƙarfen bango, ya ƙona mata tafi. Daga cikin bututun ta ji muryar mijinta, siririya: "Ki tafi gida. Nan zan kwana."

Muryarsa ce, amma babu numfashi a cikinta.

Ta sauka a guje tana karatu da ƙarfi, ta sa kafaɗa ta bangaji ƙofar. Ƙofar ta buɗe ba gardama.

Duhu. Tukunya sanyi ƙalau. Hafizu na tsugune shi kaɗai, hannuwa a miƙe, haƙora na kaɗawa.

Ta damƙi wuyan rigarsa ta ja. Sai ta ji kamar ana jan sa daga ɗaya gefen. Ta ɗaga murya, ta fizga iya ƙarfinta, rigar ta yage, suka zube a kan matakala.

Ita ta tuƙa motar har Shisha, ba ta ko kalli madubi ba.

Hafizu bai sa hannu ba. Sami ya karɓi mabuɗinsa, bai tambayi dalili ba. An yi ruƙiyya, jiki ya yi sauƙi, ya koma shago. Amma da magariba ta yi, ko a tsakiyar zafin Makka, sai ya nemi bargo.

Mubina ta daina kunna murhu sai bayan isha'i, tun ranar da ta tarar da shi tsugune gaban wutar girki. Tana tsaye tana kallo ya matsa gefe, ya bar wa wani wuri.