Yadi Uku na Babandi

Har yau akwai masu cewa a Lafia wai Mwuese ce ta sace rinin Batulu a shekarar 1988, ta kuma sha ne kawai don kofur ɗin da ke ofis ɗan ƙabilarsu ne. Na ji wannan magana sau da yawa, kuma duk mai faɗinta bai je wurin ba. Na nemi waɗanda suka je, ga abin da suka ce.

Ranar Alhamis da la'asar Batulu mai rini ta shiga ofishin 'yan sanda. Turmi goma sun ɓace daga kan igiya a bayan gidanta, ankon matan garin Adogi.

Rininta daban yake. Takan tsoma bakin yadi a baho, ta riƙa ɗagawa taƙi ɗaya bayan ɗaya, har launin ya taso daga shuɗi mai duhu ya ƙare kusan fari. "Gari ya waye" take kiransa.

"Wa kika bari a gida?" in ji Sufeto Na'Allah.

"Mwuese, ranka ya daɗe. Shekara biyu tana koyo a hannuna. Na je gaisuwar mutuwa ne."

Maƙwabta sun riga sun kawo Mwuese, wani har ya yaga mata riga.

"Oga, ban tafi ko'ina ba," ta ce.

Sufeto ya dubi ƙafarta. "Ƙasar gidan Batulu shuɗiya ce. Wannan baƙin man mota fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Na je tasha, na aika wa mamana doya. Idan Inna Batulu ya ji na bar kaya, zai kore ni."

Aka rufe ta. Aka ce ranar Litinin sai kotu.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Agyaragu, Kofur Akaa ya dawo ofis da wata mai sayar da manja, ɗaure da zane shuɗi mai duhu. Batulu na gani ta dafa kai.

"Wayyo! Ina sauran?"

"Wane saura?" in ji matar. "Haka na saya. Maƙwabciyata ta ɗauki fari-farin, wai ya fi araha."

"Wa ya sayar miki?"

"Wata 'yar talla. Ta ce wani mai yadi daga Lafia ya sarar mata."

Kafin yamma Akaa ya tattaro ƙyalle bakwai. An raba kowane turmi gida biyu, duhu gefe guda, haske gefe guda.

Sufeto ya sa aka fito da Mwuese, ya shimfiɗa mata ɗaya a kan tebur. Ta shafa bakin da aka yanke, sai hawaye.

"Kwana uku muna tsoma wannan. Wane mahaukaci ya yanka shi a ciki?"

"In ke ce, ya za ki sayar?"

"Gaba ɗaya mana, Oga. Rabi ba ya da amfani. Wannan kowa zai iya rina shi."

Sufeto ya aika aka aro tef wajen telan da ke bakin titi. Ya auna ƙyallayen masu duhu guda huɗu. Kowanne inci casa'in da tara. Masu haske kuwa, ɗari da goma sha bakwai.

"Da ninkewa ya yi ya yanka, da sun zo daidai," ya ce wa Akaa. "Aunawa ya yi. Kuma yadinsa bai cika ba. Su wa ke kawo wa Batulu farin yadi?"

"Mutum biyu, Yallaɓai. Lawal da Babandi."

Washegari aka kira su. Lawal ya ce yana Agyaragu ran kasuwa, amma kayansa kawai ya sayar. Babandi, wani gajeren dattijo mai fara'a, ya ce tun Laraba yana Makurdi.

"To madalla," in ji Sufeto. Ya jawo farin yadi daga ƙarƙashin tebur. "Uwargida ce ta aike ni, ni kuwa ban iya awo ba. Malam Lawal, yadi uku."

Lawal ya zaro sandarsa ta awo. Tef ya nuna ɗari da takwas.

"Baba, kai fa?"

"Ni da sanda? Shekara talatin ina wannan sana'a, ɗana." Ya kama bakin yadin, ya miƙe hannu, ya kai ɗaya gefen kan hancinsa. Sau uku. Ya sa farce ya yi alama.

Akaa ya auna. "Casa'in da tara, Yallaɓai."

Sufeto ya ɗora ƙyalle mai duhu a kai. Bakinsa ya faɗa daidai kan alamar farcen. Ya ɗora na biyu, ya ɗora na uku.

Babandi ya cire hula ya goge gumi.

"Gaban mutane Batulu ta ce yadina ba ya cika," ya ce. "A tsakiyar kasuwa, Yallaɓai. Ta koma wurin wannan yaron mai sanda. Na je in yi mata magana, na tarar ba kowa, ga kaya a kan igiya."

"Ka san an rufe wata a kan wannan?"

"Na ji."

Akaa ya sa masa ankwa, ya wuce da shi ciki.

Mwuese ta fito ranar Asabar da hantsi. Batulu na jiranta a bakin ƙofa da riga a hannu.

"Sa wannan mu tafi. Akwai turmi goma da za mu sake."

Babandi ne ya saci rinin Batulu. Kotu ta ɗaure shi wata tara. Mwuese ba ta ɗauki ko zare ba.