Ido Ɗaya a Bangon Amba Sarka

A zamanin da sarkin Gondar na ƙasar Habasha ya zama sarki a baka kawai, kowane mai tambura yana cin ƙasarsa yadda ya ga dama, tsohon Dajazmach, wato mai mulkin ƙasarmu, ya rasu ana tsakiyar damina, ya bar 'ya'ya maza biyu da gadon mulki ɗaya. Babban, Asrat, ya kama fada. Ƙaramin ya haye dutsen Amba Sarka tare da Fitawrari Damtew, jarumin da ke jan gaban rundunar ubansu. Wata bakwai Asrat yana zaune a gindin dutsen yana cizon yatsa, har sai da wani mai tsaron ƙofa ya ci amanar na kan dutsen a cikin babban azumin Kirista. Ƙaramin ya mutu a faɗan. Damtew kuwa aka sauko da shi ɗaure, aka kwantar da shi a tsakiyar kasuwa, aka yi masa bulala hamsin da dorina.

Damtew yana da ƙane, Aleka Zerihun, mai zanen coci, mutum mai sanyin hali da bai taɓa riƙe mashi ba. Shi ya wanke bayan wansa da ruwan gishiri. Bayan kwana uku Asrat ya aika a kira shi. Ya ce don godiyar nasara zai sabunta cocin da ke kan dutsen, kuma a bangon gabas yana son zanen ranar da aka yi wa Almasihu bulala. Mai riƙe da dorinar nan, fuskar Damtew za a sa masa, har da tabon kumatunsa. In an gama kafin Juma'ar Gicciye, Damtew ya rayu. In ba a gama ba, a rataye shi.

To, a wurinmu kowa ya san yadda ake karanta bango. Mutumin kirki ana zana shi yana fuskantar jama'a da idonsa biyu, mugu kuwa ta gefe, ido ɗaya. Mata in sun shigo sukan sumbaci ƙafar Almasihu, su juya su tofa wa masu bulalar yawu. Zerihun ya fi kowa sanin haka, amma ina zai sa kansa? Uwa ɗaya ta haife su.

Ya niƙa jar ƙasa da baba da kunkunniya, ya hau tsani. Da ya zo kan bayan Almasihu, bai nemi tsohon littafi ya kwafa ba, bayan wansa ya zana, layi bayan layi, yadda ya gan shi a kasuwa. Da ya zo kan fuskar mai dorinar, sai ya yi 'yar dabara irin ta mai tsoro: ya karkato ta kaɗan, ya bar ido na biyu yana leƙowa. A ransa yana cewa soja bai san kan zane ba.

Ashe Asrat a hannun limamai ya tashi. Ya zo dubawa, ya daɗe a tsaye, sannan ya nuna da bakin sandarsa.

"Aleka, wannan idon na mene ne?"

"Ranka ya daɗe, haske ne ya faɗi haka."

"Ko ka goge na bango, ko in sa a ƙwaƙule na fuskar Damtew. Zaɓi ɗaya kafin in sauka daga dutsen nan."

Zerihun ya jiƙa tsumma ya goge, hawaye na zuba a gemunsa.

Ranar Juma'ar Gicciye coci ya cika maƙil, limamai na bi suna taɓa bayan mutane da reshen zaitun, suna yanka wa kowa yawan sujadar da zai yi. A nan aka shigo da Damtew, aka kwance masa sarƙa a gaban bangon, Asrat ya cika alkawari. Wata tsohuwa da ta san shi tun yana yaro ta matso, ta dubi zanen, ta dube shi, ta tofa wa bangon yawu kamar yadda ta saba. Zerihun ya raɓo kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, dubi bayan Ubangiji. Naka ne na sa."

"Wa zai dubi baya? Fuska ake dubawa," in ji Damtew. "Asrat ya doke ni rana ɗaya a kasuwa, na warke. Kai ka sa za a yi ta dukana har bangon nan ya faɗi. Da ka bari an rataye ni, ƙanena, da an binne ni da sunana."

Wannan ce maganarsu ta ƙarshe. Damtew ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ba mai gayyatarsa cin abinci, ba mai neman 'ya'yansa da aure. Da ya mutu, limamai suka ce ba za a binne shi a harabar cocin da yake dukan Ubangiji a bangonsa ba, aka kai shi bayan dutse. Zerihun bai sake taɓa launi ba. Masu ba da labari sun ce kowace Juma'a yakan shiga, ya tuɓe mayafi, ya yi ta dukan bayansa da tsumagiya a gaban aikinsa har jini ya zubo, kuma haka ya yi har ya tsufa.

Asrat shekara huɗu kacal ya yi a gadon mulki, wani ya zo da tambura mafi yawa ya kore shi, yanzu ko kabarinsa ba a sani ba. Abin da ke ci mini rai ke nan: mulkin ya tafi, amma hukuncin da ya yanke cikin fushin mako guda bai tafi ba. Na hau Amba Sarka da ƙafata, na ga fuskar ta kusa shafewa saboda yawu da farce. Jikokin Damtew ma suna zuwa ibada a nan, suna tofawa, ba su san fuskar wane ne ba.