Muryar Da Aka Kunna A Aji

Amarya ta yi sallama sau biyu, ba wanda ya amsa. Inna, uwar mijinta, tana zaune a tsakar gida ta haɗe rai. Auta, ƙanwar mijin, tana tsaye a bayanta, ko hijabin makaranta ba ta cire ba. Ajinsu ɗaya a kwalejin horar da malamai, shekarar farko, amma yau Auta ta riga ta dawowa.

"Ga ta nan, Inna. Ga babbar malamar!"

"Ajiye jakar," in ji Inna. "Matso nan. Da gaske ne kin ɗauki muryar ɗana kin kai makaranta an yi masa dariya?"

Amarya ta durƙusa.

Ga yadda abin ya faru. Mijinta, wanda ake kira Babba, mai walda ne. Ubansu ya rasu yana ƙarami, ya bar makaranta ya kama ƙarfe don ƙannensa su yi karatu. Bai iya karatu ba, kuma a waje ba wanda ya sani. In an miƙo masa takarda a shago sai ya ce idonsa na yaji saboda wutar walda. Bayan aurensu ya faɗa wa Amarya, kansa a sunkuye. Ta ce za ta koya masa. In ya dawo cin abincin rana sai su tura ƙofar ɗaki, ta fito da ƙaramin allo da alli. Har ya fara haɗa baƙi da wasali.

To, a kwaleji akwai kwas ɗin da ake yi wa sababbin ɗalibai a kan harshe da al'ada da koyar da karatu. Lakcara ya ce kowa ya nemo babban mutum wanda bai iya karatu ba, ya koya masa, ya kawo rikodin ɗin darasin. Amarya ta ga ai ga ɗalibi a ɗakinta. Ta san in ta tambaye shi ba zai yarda ba. Sai ta kunna waya ta tura ƙarƙashin matashi. A zatonta lakcara kaɗai zai saurara, ya ba ta maki, shi ke nan.

"Inna, wallahi ban san zai kunna a aji ba—"

"Ya kunna!" Auta ta katse ta. "A lasifika, Inna! Wai a ji yadda ake koyarwa da kyau, wai ta fara da kalmomin sana'ar mutum. Sai ga muryar Yaya, ƙaton mutum, yana ƙo... fa, ƙar... fe, kamar ɗan firamare. Aji ya kwashe da dariya. Wata ta taɓo ni ta ce, ke, wannan ba muryar yayanki mai walda ba ce? Ni ce na tashi na fita. Ita kuwa tana zaune ana yabonta!"

"Ban ji daɗin yabon ba, Auta."

"Ni kar ki kira sunana!"

Inna ta nuna Amarya da yatsa. "An ce har al'ada ake koya muku a can. Wace al'ada ce ta ce mace ta kwashi asirin mijinta ta kai wa maza a makaranta? Yaron da ya ƙona hannunsa don waɗannan su zama mutane! Kuɗin rajistar taki ma daga wane ƙarfen ya fito?"

Ana cikin haka Babba ya shigo, rigar aikinsa duk huda-hudan tartsatsi. Auta ta sake kwashe labarin ta faɗa masa, har da abin da ba a yi ba. Ya tsaya yana ji. Bai dubi kowa ba sai matarsa.

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Yaya."

"Kin tambaye ni?"

"Ban tambaye ka ba."

"Ka mai da ita gidansu," in ji Inna. "Yau ɗin nan. Ta je ta koya wa ubanta."

Babba ya juya ya koma shago, abincin ma bai ci ba.

Daga ranar gidan ya zama mata kurkuku. Bai sake ta ba, amma magana ta ƙare a tsakaninsu. In ta gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. Abincinta ya daina ci, sai na Inna. Inna kuwa kullum da safe sai ta tambaye shi a gabanta, "Har yanzu tana nan?" In Amarya ta yi shara, Auta ta bi ta zubar da ɓawon lemo. A makaranta Auta ta canja benci. 'Yan aji suna ganinsu sai su hau raɗa.

Yayar Amarya ta kira ta a waya. "Ke, tattara ki taho gida. Mutum bai iya karatu ba kin taimake shi, shi ne laifi? Su waye su?"

"Laifina ne, Anti. Amana ya ba ni."

"To zauna su kashe ki."

Ta zauna. Ta yi kuka a bayan ƙofa, ta wanke fuska, ta ɗora tukunya.

Wata safiya ta je ofishin lakcara. Ta same shi cikin tarin takardu, fanka na kaɗa su.

"Malam, rikodin ɗina na zo janyewa."

Ya cire tabarau. "Janyewa? Shi ne mafi kyau a ajin. So nake in riƙa kunna wa 'yan badi."

"Mai muryar bai ba ni izini ba. Mijina ne."

Lakcara ya ce shi ma ya yi kuskure da bai tambaya ba kafin ya kunna. "Amma ki sani, lokacin miƙa firaktikal ya wuce. In na goge, ba ki da maki. Kariyoba ne. Sai kin sake kwas ɗin badi tare da na bayanki."

"Na sani. A goge."

Ya goge a gabanta. Ta goge na wayarta. Ta dawo gida ba ta faɗa wa kowa a gidan ba, don ta san cewa za a yi neman suna take.

Da aka kafe sakamako, Auta ta dawo tana rangaɗa guɗa tun daga zaure. Babba yana zaune yana cin abinci kusa da Inna.

"Inna, albishirinki! Babbar malama ta sha ƙasa! Kariyoba! A kwas ɗin da aka yabe ta ma!"

"Alhaki ne," in ji Inna.

Babba ya tsame hannu daga kwano. "Yaya aka yi wanda ya fi kowa ya faɗi?"

"Oho. Wai ita ta je ta ce a goge. Wa ya aike ta?"

"Yaushe?"

"Tun tuni. Kowa ya sani a aji."

"Kin sani ke ma?"

Auta ta kawar da kai.

Ya tashi ya wanke hannu. Ya tsaya a ƙofar ɗaki. Amarya tana ninke kaya, ta ji duk abin da aka ce.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba ka magana da ni, Yaya. Kuma gogewar ba ta mayar da dariyar da aka yi maka ba." Hawaye suka zubo mata. "Ka yafe mini."

Babba ya ce, "Fito da allon nan."

"Nan ɗaki?"

"Waje."

Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora allon a cinya.

Inna ta miƙe. "Babba! A gabana za ka zauna mace ta mai da kai yaro? Bayan abin da ta yi?"

"Ta yi laifi, Inna, kuma ta biya da shekararta. Ni kuma ban iya karatu ba. Ɓoyewar ta ishe ni. Na gaji da cewa idona na yaji." Ya dubi ƙanwarsa. "Ke kuma, malama za ki zama. In babban mutum ya zauna gabanki yana ƙo... fa, ki tuna yadda kika ji a ajin nan. Kuma yau ce ranar ƙarshe da za ki yi wa matata guɗar faɗuwa a gidan nan."

Auta ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Inna ta ja tsaki ta juya musu baya, amma ba ta sake cewa a mai da kowa gidansu ba.

Babba ya miƙa wa matarsa alli. "Badi in malamin naku ya ce a kawo ɗalibi, ki tambaye ni. Ba sai kin ɓoye waya ba. Da ƙafata zan je."

Haka kuwa aka yi. Da shekara ta zagayo ya je da rigar aikinsa, ya karanta shafi guda a gaban aji, ya yi tuntuɓe a wuri biyu ya wuce. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta ɗauki lokaci kafin ta sake cin abincin surukarta, amma ta ci.

Ku yara masu shirin aure da masu shirin koyarwa, ku ji. Abin da mutum ya faɗa maka kansa a sunkuye ba naka ba ne, ko da alheri kake nufi da shi. Ka tambaya kafin ka ɗauka. In kuma ka riga ka ɓata, kar ka gudu, kar ka yi gardama. Ka gyara abin da zai gyaru, ka yi haƙuri da fushin waɗanda ka ɓata wa. Amarya ta rasa shekara guda, ta tsira da mijinta.