Wasiƙar da Ta Kai Ladan Kolokonde

Ranar Asabar makiyaya suka tsinci gawar Ladan direba a hanyar dajin Kolokonde. Motarsa na nan, shanu talatin da ya ɗauko babu.

A Djougou aka nuna wa Insifekta Kabirou wasiƙar da ta shigo kwamfuta ran Juma'a daga biro, wato ofishin ƙungiyar fataken shanu na Parakou, da sunan shugaba da hatiminsa, tana umartar Ladan ya bar kwalta ya bi daji. Shugaban kuwa kwanansa goma a asibiti.

Kafin Kabirou ya isa Parakou har an kulle Munira, mai kula da kwamfutocin biron. Alhaji Chaibou, mataimakin shugaba, shi ya miƙa ta. Ya ce ran Juma'a yana masallacin Titirou, kuma shi ko kunna kwamfuta bai iya ba, wa ya rage in ba ita ba? Yana maganar nan hannunsa na hagu na ɓoye cikin riga.

Kabirou bai so saurin nan ba. Ya sa aka fito da ita.

Ta ce injin da ke tura wasiƙunsu ba ya karɓar saƙon kowa sai da kalmar sirri. Amma ta buɗe wa na'urorin cikin biron ƙofa, don injin fotokofi ba shi da bakin faɗin kalmar.

"Fotokofi na aika wasiƙa?"

"Ka ɗora takarda ka danna maɓalli ɗaya, ranka ya daɗe. Da sunan shugaba take fita. Alhaji ya ce in yi haka, don dattawa."

Ta buɗe rajistar injin. Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata, daga fotokofi. Ta jawo hoton takardar ta faɗaɗa shi. Tawadar hatimin ba ta bushe ba, sai mai aikawa ya ƙi rufe murfi, ya danne takardar da hannu. Ga yatsu huɗu a gefe, na tsakiya guntu.

Kabirou ya koma ofishin Chaibou ya ajiye hoton.

"Alhaji, fito da hannun hagunka daga riga."

Da Chaibou ya fito da shi, ga yatsan da wuƙar fawa ta datse tun yana saurayi.

"Shanu na ce su ɗauka," in ji shi a hankali. "Ban ce su taɓa Ladan ba."

"Ka faɗa wa matarsa haka a kotu. Su wa ka tura?"

Ya lissafa mutum uku. Aka sa masa ankwa aka bi da shi ta gaban Munira. Bai ɗago kai ba.