Kafin Zuma

Ranar gashin tattasai ce a gidan Radovan, can gefen birnin Novi Sad. 'Yarsa Dunja na ɓare bawo, yatsunta sun yi baƙi, shi kuwa ya tsaya a kanta yana jero jami'o'in Amurka kamar shi ya gina su.

"Manyan kaɗai za ki nema. Ƙananan ki bar wa 'ya'yan maƙwabta."

"Baba, mutum huɗu suke ɗauka cikin ɗari."

"To ki zama ta huɗun."

Kowa a gidan ya san ba ilimin ne kaɗai ya dame shi ba. Vukašin ne, ɗan mai facin taya, wanda ke son Dunja tun suna aji ɗaya. Radovan ya gama lissafinsa: likitanci a Amurka ma shekara shida ne kamar a nan, ga teku a tsakani, yaron zai gaji, ita kuma ta dawo masa da farar rigar likita.

Da yamma ta tare Vukašin a bakin kogi, idonta ya yi ja.

"Ka ce kar in tafi mana."

"In na faɗa, duk ranar da muka saɓa za ki ce ni na tare miki hanya. Kawo rubutun da jami'o'in suke nema in duba miki."

"Kai wai dutse ne?"

"Ba dutse ba ne. Kawo."

Haka ya yi ta gyara mata rubutun da zai raba su, ita tana kuka tana jin haushinsa.

Ran Lahadi ana cin abinci, Kaka Smilja, uwar Radovan, ta ajiye cokali.

"Me ma sunan abin da za ta karanto?"

Radovan ya gyara zama. "Pre-med, Mama."

A harshensu kuwa "pre" kafin ne, "med" zuma. Tsohuwa ta karkata kunne.

"Kafin zuma? To zumar yaushe?"

Aka yi dariya, ban da Dunja.

"Kaka, ke kaɗai kika tambaya. Shekara huɗu ne kafin a fara likitancin ma. Sai a sake nema, baƙo kuma da ƙyar ake ɗauka. In an dace, wasu huɗun, sannan shekarun asibiti. Sau nawa na faɗa, Baba na waya."

Kaka ta juya kan ɗanta.

"Kai shashasha, ka tashi korar ɗan mutane ka kori taka? Ni dai ƙasa za ta rufe ni ban ga likita ba, kai kuma ka tsufa kana gaisawa da hoto. Wa ya taya ta rubutun?"

Dunja ta sunkuya. "Vukašin."

"Kun ji. Mai son ta zauna yana gyara mata hanya, mai cewa shi uba ne bai ma san inda hanyar ta nufa ba."

Radovan ya daɗe yana murza burodi a hannu.

"Jarrabawar shiga likitanci ta nan fa?"

"Watan Yuni, Baba."

"Ki nemi biyu a can, waɗanda ke kika zaɓa, ki kuma rubuta jarrabawar nan. Yaron kuma... ya zo cin abinci ran Lahadi. Ya wanke hannu."

Jarrabawar nan ta ci, a nan ta zauna, da zaɓinta. Ku 'yan mata ku ji ni: wanda ya iya riƙe bakinsa lokacin da kalma ɗaya za ta ɗaure ku, shi ne abin jira. Iyaye kuma a riƙa tambaya kafin a yanke.